Jan wuya da na'ura

Jan wuya da na'ura, wanda ma'aikatan asibiti suka fi kira tirakshan, hanya ce ta jinyar ciwon wuya inda ake amfani da inji, ko igiya da nauyi, a ja kan majiyyaci a hankali domin a ɗan buɗe tsakanin ƙasusuwan wuyansa. Likitocin fisiyo ne suka fi yin sa, musamman ga mutanen da ciwo ya taso musu daga wuya ya gangara kafaɗa da hannu sakamakon matsewar jijiya. An daɗe ana amfani da wannan hanya, amma binciken kimiyya bai tabbatar da cewa ita kaɗai tana warkar da ciwon wuya ba. Abin da ya fi samun goyon bayan masana shi ne a haɗa ta da motsa jiki ga wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya, bayan an tabbatar babu wata larura da za ta sa jan ya yi musu lahani.

Tsarin wuya da tushen ciwon

Wuyan ɗan Adam yana da ƙasusuwa 7 da suke jere a kan juna, waɗanda likitoci ke yi wa lamba daga C1 a sama zuwa C7 a ƙasa. Su ne ke ɗauke da kai, wanda nauyinsa a jikin baligi ya kai kimanin kilo 5. Daga C2 zuwa ƙasa, tsakanin kowane ƙashi da na kusa da shi akwai wani faifai na guringuntsi, mai tauri a gefe da taushi a tsakiya, wanda ke aiki kamar matashi. Laka tana bi ta wani rami da ke tsakiyar ƙasusuwan, kuma jijiyoyi 8 a dama, 8 a hagu, suna fita daga cikinta ta wasu ƙananan ƙofofi da ke tsakanin ƙasusuwan. Na ƙasa daga cikinsu ne ke kai saƙon ji da motsi zuwa kafaɗa, hannu da yatsu.

Yawancin ciwon wuya daga tsoka da ƙananan gaɓoɓi yake tasowa, kuma yakan lafa da kansa cikin kwanaki ko makonni. Wani lokaci kuwa faifan ne ke bullowa daga mazauninsa, ko kuma tsufa ya sa ya bushe ya lotsa, ƙashi ya yi tsiro a gefe, ƙofar da jijiya ke fita ta tsuke. Idan haka ta faru, mutum yakan ji zogi yana bin hannunsa, tare da sagewa, jin kamar ana tsira masa allura, ko raunin hannu. Wurin da alamun suka bayyana yakan nuna jijiyar da ta matsu: ta C6 tana shafar babban yatsa da manuniya, ta C7 tana shafar yatsan tsakiya, ta C8 kuma ƙaramin yatsa da na kusa da shi.

Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mutane kimanin miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya. Matsewar jijiya ba ta kai haka yawa ba. Wani bincike da aka yi a garin Rochester na jihar Minnesota a Amurka, wanda ya duba bayanan shekarun 1976 zuwa 1990, ya gano cewa a kowace shekara mutum 83 cikin 100,000 ne ke kamuwa da ita, kuma ta fi yawa a tsakanin masu shekara 50 zuwa 54. Jijiyar C7 ce ta fi matsuwa, sai ta C6.

Tarihi

Jan ƙashin baya yana cikin tsofaffin dabarun likitanci. Littattafan da ake jingina wa Hifokiratis, likitan Girka da ya rayu daga wajajen shekara ta 460 zuwa ta 370 kafin haihuwar Annabi Isa, sun bayyana wani benci na katako da ake ɗaure majiyyaci a kai a ja shi ta sama da ta ƙasa domin gyara karkacewar baya. Jalinus ya ci gaba da amfani da wannan dabara a zamanin Rumawa, Ibnu Sina ma ya yi bayanin irinta a littafinsa Al-Ƙanun.

A ƙarni na 17, likitan Ingila Francis Glisson, wanda ya wallafa littafi a kan cutar laushin ƙashi ta yara a 1650, ya yi amfani da maɗaurin da ke riƙe haɓa da ƙeya a rataye yaro da shi domin miƙar da bayansa. Har yau ana kiran irin wannan maɗauri da sunansa a ƙasashen Turai da dama. A shekarun 1870, Lewis Sayre na birnin New York ya riƙa rataye masu tibin ƙashin baya da makamancinsa kafin ya naɗe musu jiki da filasta.

Amfani da ja domin ciwon wuya na yau da kullum ya bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. James Cyriax na asibitin St Thomas da ke Landan yana cikin waɗanda suka yayata shi a shekarun 1950. A wannan lokaci ne aka fara auna tasirinsa da hoton eksire. A 1952 Bernard Judovich ya ruwaito cewa ana bukatar nauyin kimanin kilo 11 kafin a ga ƙasusuwan wuya sun fara rabuwa. A 1965 Colachis da Strohm suka nuna cewa jan kimanin kilo 13.6 na daƙiƙa 7 kacal ya isa ya buɗe tsakanin ƙasusuwan ta baya, kuma buɗewar ta fi yawa idan an sunkuyar da kai gaba da kimanin digiri 24. Waɗannan alƙaluma su ne tushen yawancin ƙa'idojin da ake koyarwa har yanzu.

Ire-irensa

Ana kasa jan wuya bisa abin da ke samar da ƙarfin.

Na farko shi ne ja da hannu, inda likitan fisiyo ke tallabe ƙeyar majiyyaci yana kwance ya ja a hankali na wasu daƙiƙoƙi. Sau da yawa da shi ake gwadawa a ga ko ciwon zai sassauta kafin a sa mutum a inji.

Na biyu shi ne injin lantarki, wanda ake saita masa yawan nauyi, tsawon lokacin ja da na saki. Shi ne aka fi nufi idan aka ce jan wuya da na'ura.

Na uku shi ne na rataya a ƙofa. Majiyyaci yana zama a kujera da maɗauri a haɓa da ƙeya, igiya ta bi ta kan 'yar taya da aka maƙala a saman ƙofa, a ɗaya bakin kuma a rataya jakar ruwa ko ta yashi.

Na huɗu su ne na'urorin iska, waɗanda ake hura su da famfon hannu. Wasu ana kwanciya a kansu, wasu kuma ana zagaya wuya da su kamar taya.

Ana kuma bambanta su ta salon jan. Akwai ja na bai ɗaya, wanda nauyin ke tsayawa ba sassauci har a gama, akwai kuma ja da saki, inda injin ke ja na ɗan lokaci ya sassauta sannan ya sake ja.

Yadda ake yi a asibiti

Kafin a fara, likita yana sauraron tarihin ciwon, ya gwada ƙarfin hannu da ji a fata, ya auna hawan jini, ya kuma nemi alamun da ke hana yin ja. Idan akwai tarihin hatsari ko shakka game da lafiyar ƙashi, akan ɗauki hoton eksire ko na MRI tukuna.

An fi son majiyyaci ya kwanta rigingine, domin a kwance tsokar wuya tana saki kuma injin ba ya bukatar ɗaga nauyin kai kafin ƙarfinsa ya kai ga ƙasusuwa. A zaune, kimanin kilo 5 na farko yana ƙarewa ne wajen ɗaga kan kawai. Tsohon maɗauri mai riƙe haɓa yana danna muƙamuƙi da haƙora, shi ya sa injinan zamani suke da wasu matasai biyu da ke kama ƙasan ƙeya su bar haɓa a sake.

A zaman farko akan fara da nauyi kaɗan, kamar kilo 3 zuwa 5, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Littattafan koyarwa sun fi ba da shawarar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jikin mutum. Ga mai kilo 70, hakan yana nufin tsakanin kilo 5 da 7. Kowane zama yakan ɗauki minti 10 zuwa 20, sau biyu ko uku a mako, na tsawon makonni 3 zuwa 6. A salon ja da saki, wani saiti da aka saba shi ne daƙiƙa 60 na ja da 20 na saki. Ana ba majiyyaci maɓallin kashe injin ya riƙe a hannu, kuma bayan an gama ana barinsa ya huta a kwance na 'yan mintoci kafin ya tashi, saboda jiri.

Alamar da likita ya fi lura da ita ita ce inda ciwon ya nufa. Idan zogin hannu ya ja baya ya koma wajen wuya, ana ɗaukar hakan a matsayin ci gaba. Idan kuwa ya ƙara gangarawa zuwa yatsu, ko sagewa ta ƙaru, sai a dakatar.

Abin da ja yake yi a jiki

Hotunan eksire da na MRI sun nuna cewa a lokacin da ake ja, tsakanin ƙasusuwa yana buɗewa da kimanin milimita 1 zuwa 2 a kowace gaɓa, ƙofar jijiya kuma tana ɗan faɗaɗa. Ana ganin hakan yana rage dannawar da ake yi wa jijiya, ya sauƙaƙa gudanar jini a kewayenta, ya kuma miƙar da tsokar da ta ɗaure.

Sai dai wannan buɗewa ba ta ɗorewa. Da zarar an saki nauyin mutum ya miƙe zaune, ƙasusuwan suna komawa yadda suke cikin kimanin rabin awa. Ja ba ya narkar da tsiron ƙashi, ba ya mayar da faifan da ya lotsa sabo, kuma babu tabbacin cewa yana mayar da faifan da ya bullo mazauninsa dindindin. Saboda haka masana da dama suna kallonsa a matsayin hanyar samun sassauci na ɗan lokaci, wanda zai ba majiyyaci damar yin atisayen ƙarfafa wuya da kafaɗa yayin da jiki ke warkewa.

Sakamakon bincike

Babbar matsalar auna amfanin ja ita ce yawancin masu matsewar jijiyar wuya, kimanin kashi 75 zuwa 90 cikin 100, suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, ko wace irin jinya aka yi musu. Don haka samun sauƙi bayan ja bai isa hujja ba, sai an kwatanta da waɗanda aka yi wa jan bogi, wato aka sa su a injin da nauyin da bai kai ya yi wani tasiri ba.

A 1966 mujallar British Medical Journal ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci da dama a Birtaniya a kan mutum 493 masu ciwon wuya da hannu. An raba su rukuni-rukuni: wasu aka yi musu ja, wasu aka sa musu abin ɗaure wuya, wasu aka ba su maganin bogi. Bayan mako 4, kusan kashi uku cikin huɗu sun samu sauƙi, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin rukunonin ba.

A 2008 cibiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen likitanci tana tace su, ta fitar da nazarin Nadine Graham da abokan aikinta. Sun samu gwaje-gwaje 7 da suka ƙunshi mutum 958, amma guda ɗaya tak, mai mutum 100, aka yi shi bisa tsari mai inganci, kuma shi ma bai nuna fifikon ja na bai ɗaya a kan jan bogi ba. Marubutan sun kammala da cewa hujjojin da ake da su ba su isa a tabbatar da amfanin ja ko a kore shi ba.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun saɓa wa juna. A 2009 Ian Young da abokan aikinsa sun gwada mutum 81 masu matsewar jijiya, duka aka yi musu jinyar hannu da motsa jiki, aka ƙara wa rabi ja na gaske, rabi kuma na bogi, ba a ga ƙarin amfani ba. A 2014 kuwa Julie Fritz ta Jami'ar Utah da abokan aikinta sun raba mutum 86 gida uku: motsa jiki kaɗai, motsa jiki da injin ja, da motsa jiki da na rataya a ƙofa. Waɗanda aka haɗa wa injin sun fi samun raguwar ciwo da naƙasa, musamman bayan wata 6 da wata 12. Wani nazari na 2018 da Antonio Romeo ya jagoranta, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 5, ya nuna cewa ƙara ja a kan sauran jinyar fisiyo yana rage ciwo, amma tasirinsa a kan iya gudanar da ayyukan yau da kullum bai kai haka ba.

An kuma yi ƙoƙarin gano waɗanda ja ya fi yi wa amfani. Binciken Nicole Raney na 2009 a kan mutum 68 ya fitar da alamu 5, ciki har da kaiwa shekara 55, samun sauƙi idan an ɗaga kai da hannu, da samun sauƙi idan majiyyaci ya ɗora hannunsa a ka. Ga mai alamu 3 cikin 5, yiwuwar samun sauƙi ta tashi daga kashi 44 zuwa 79 cikin 100. Binciken ƙarami ne kuma babu rukunin kwatanci a cikinsa, don haka ana ɗaukarsa a matsayin manuniya kawai.

Jagorar da sashen ƙashi na ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka ya fitar a 2017 ta ba da shawarar salon ja da saki ga masu daɗaɗɗen ciwon wuya da ke gangarawa hannu, da sharaɗin a haɗa shi da miƙe jiki, ƙarfafa tsoka da jinyar hannu. Wannan ya sha bamban da matsayin ja a ciwon ƙasan baya, inda hukumar NICE ta Ingila a 2016 da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 suka ba da shawarar a daina amfani da shi.

Waɗanda bai dace a yi musu ba

Ba a yin ja ga wanda ya samu karaya ko gocewar ƙashin wuya, ko wanda bai daɗe da yin hatsari ba kuma ba a ɗauki hotonsa ba. Haka nan ba a yi wa mai ciwon daji ko ƙwayar cuta a ƙashin baya, kamar tibi, da mai tsananin zaizayewar ƙashi, domin ƙashin da ya yi rauni yana iya karyewa.

Masu amosanin gaɓoɓi nau'in rumatoyid da masu larurar Down suna iya samun sakin jijiyoyin da ke ɗaure C1 da C2, kuma ja yana iya sa ƙashin ya goce ya danne laka. Ana kuma guje masa idan akwai alamun lakar ta riga ta matsu, kamar tangaɗi wajen tafiya, kasa ɓalla maɓallin riga, sagewar hannaye biyu, ko kasa riƙe fitsari. Waɗannan alamu suna bukatar ganin likitan tiyata cikin gaggawa. Sauran sun haɗa da masu matsalar hanyoyin jinin wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, masu hawan jinin da ba a shawo kansa ba, da waɗanda aka yi wa tiyatar wuya kwanan nan.

Ciwon wuya da ya zo tare da zazzaɓi, rama, gumin dare, ko sanƙarewar wuya da matsanancin ciwon kai, yana bukatar binciken likita kafin kowace irin jinyar fisiyo.

Illoli

Yawancin illolin ƙanana ne kuma suna wucewa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, tsamin tsoka, da ciwon muƙamuƙi idan an yi amfani da maɗaurin haɓa. Wasu suna samun sauyin hawan jini ko na bugun zuciya, har da suma, musamman idan nauyin ya yi yawa ko an yi a zaune. Wani lokaci ciwon yakan dawo da ƙarfi bayan an saki nauyin farat ɗaya, shi ya sa ake sassautawa daki-daki. Lahani ga laka ko jijiya ba kasafai yake faruwa ba, kuma an fi samunsa a inda aka yi ja ba tare da tantance majiyyaci ba.

Na'urorin gida, waɗanda ake sayarwa a shagunan kayan asibiti da intanet, suna da ƙarin haɗari ta wannan fuska, tunda mai saye yakan fara amfani da su bai san musabbabin ciwonsa ba. Likitoci suna ba da shawarar kada a fara sai ƙwararre ya duba mutum ya nuna masa nauyi da zaman da ya dace, kuma kada a yi barci da na'urar a wuya.

Jan ƙashin kai bayan hatsari

Akwai wani nau'in ja na daban da likitocin tiyata ke yi wa waɗanda suka karye ko suka goce a wuya. A nan ana kafa ƙusoshin ƙarfe a ƙoƙon kai, a rataya musu nauyi, a riƙa ƙarawa ana ɗaukar hoto har ƙashin ya koma mazauninsa. Gayle Crutchfield ya gabatar da irin wannan maƙata a 1933, Jacquelin Perry da Vernon Nickel suka fito da zoben da ke zagaye kai a 1959, sannan maƙatar Gardner-Wells ta biyo baya a 1973. Manufarsa ita ce daidaita ƙashi da kare laka, kuma ana yin sa ne a kan gadon asibiti ƙarƙashin kulawa ta kusa.

A Najeriya

Aikin fisiyo ya fara a Najeriya a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, kuma Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar soja ta 1988, ita ke yi wa likitocin fisiyo rajista. Ana yin jan wuya a sassan fisiyo na asibitocin koyarwa da na ƙashi, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

A 2006 masu bincike a Kwalejin Koyon Likitanci ta Jami'ar Legas sun kwatanta nauyi iri uku, kashi 7.5, 10 da 15 cikin 100 na nauyin jiki, a kan masu ciwon wuya na tsufan ƙashi. Sun ba da shawarar kashi 10 a matsayin wanda ya fi dacewa, saboda yana rage ciwo ba tare da yawan illolin da nauyi mafi girma ke jawowa ba. Kasancewar Najeriya na cikin ƙasashen da tibi ya fi yawa a duniya, kuma cutar tana iya cin ƙashin baya, tantance majiyyaci kafin a ja wuyansa, a asibiti ne ko a wurin masu ɗori, yana da muhimmanci na musamman.